Kada Ka Sayar da Kwamfutar Tukuna

Jekadafari, Gombe.

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan hazo ne ya rufe gari.

Na ga saƙonka game da darussan Excel da kake ɗauka daga fuskar kwamfuta, cewa da zarar ka zo tacewa sai hoto ya riƙa maƙalewa, fanka tana ta gurnani, har ka fara neman mai saye. Dakata tukuna. Ina kyautata zaton matsalar daga kodek take, wato salon da aka matse bidiyon da shi.

OBS, manhajar ɗaukar bidiyo daga fuskar kwamfuta, yakan ɗauka ne da kodek H.264, wanda ya fito tun 2003. Dabararsa ita ce ya ajiye cikakken hoto guda lokaci-lokaci, hotunan da ke biye kuma ya rubuta abin da ya canja kawai. Ga irin aikinka wannan riba ce, tunda sau da yawa kibiyar linzami kaɗai ke motsi, fayil bai cika nauyi ba. Amma wurin tacewa nan gizo ke saƙar. Duk lokacin da ka tsaya a tsakiya ko ka ja baya, dole furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta koma kan cikakken hoton nan ta lissafo duk na tsakani, kamar almajirin da aka tambaya aya a tsakiyar sura, sai ya faro daga Bisimilla kafin ya kamo ta. H.265 na 2013 da AV1 na 2018 sun fi shi matsewa, saboda haka sun fi wuyar warwarewa. Kada sabuntarsu ta ruɗe ka, tsohuwar kwamfutarka ta gwanjo ba za ta ji daɗinsu ba.

Ni abin da nake yi, kafin in fara yanka sai in juya fayil ɗin zuwa kodek ProRes na Apple ko DNxHR na Avid, da manhajar juya bidiyo ta FFmpeg ko Shutter Encoder. Su kowane hoto cikakke ne, tsaye da ƙafarsa, furosesa ba ta da dogon lissafi. Sai dai fa akwai cin wuri: awa ɗaya ta 1080p a ProRes 422 ta haura gigabayit 60, ƙaraminsa mai suna Proxy kuwa kimanin 20. Shi nake ba ka shawara. Manhajojin tacewa na Shotcut da Kdenlive da DaVinci Resolve ma duk suna iya yi maka ƙaramin kwafi ka yi aiki da shi, in an zo fitarwa su koma kan na asali. Da ka gama, goge manyan fayilolin da ka juya, ka fitar da H.264 saboda datar ɗalibai.

Wajen ɗauka kuma, duba saitin OBS. In x264 ka gani, to furosesa ce ke ɗauke da kayan duka. Mayar da shi Quick Sync, wani sashe ne da Intel ke sakawa a furosesa tun 2011 don wannan aikin kaɗai, ko NVENC in kana da katin Nvidia. Zafi zai ragu, batir ya ƙara daɗewa. Tazarar cikakken hoto ka sa ta daƙiƙa 1. Wani lokaci wannan kaɗai ya wadatar, ba sai ka juya komai ba.

Don Allah ka riƙa ɗauka a nau'in fayil na MKV, ba MP4 ba. In aka ɗauke wuta batir ya mutu kana tsakiyar darasi, MP4 na gargajiya lalacewa yake gaba ɗaya, shi kuwa MKV za ka tarar da abin da ka riga ka ɗauka. Af, ka kuma ƙara girman rubutun Excel ɗin, domin ƙananan jajayen haruffa dishi-dishi suke fitowa bayan matsewa.

Turo mini sunan furosesarka da girman RAM in duba. Ka gaida uwargida da yara, mutanen majalisa ma suna gaishe ka.

Naka,
abokinka na Jekadafari.