Lambar BTU ba ita ce wutar da na'urar sanyaya ɗaki ke sha ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ɗan ba ni fili in warware wani ruɗani da ke jawo wa mutane asara a nan Garwa, musamman a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, mai hali ya fara tunanin sayen na'urar sanyaya ɗaki.

Kwanakin baya maƙwabcina, wanda tela ne, ya kira ni shagonsa ya nuna mini takardar da ke liƙe a jikin sabuwar na'urarsa, inda aka rubuta 12,000 BTU da manyan baƙaƙe. Wani mai gyaran wuta ya lissafa masa cewa wannan lamba daidai take da kilowat uku da rabi, don haka katin mitarsa ba zai yi kwana uku ba, har bawan Allah ya yanke shawarar mayar da ita wurin mai shago ko da a faɗuwa ne. Lissafin mai gyaran bai kuskure ba, abin da ya fahimta daga lissafin ne ya kauce.

Tun a shekarun 1840 James Joule na ƙasar Ingila ya tabbatar da cewa zafi da aikin wutar lantarki abu guda ne da ake aunawa da mudu dabam-dabam. Abin da mita ke ƙirgawa shi ne kilowat-awa, wato na'ura mai wat 1,000 ta yi aiki na awa ɗaya. Kilowat-awa guda daidai yake da jul 3,600,000, ko kilokalori 860 (kilokalori ɗaya shi ne zafin da ke ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya), ko kuma BTU 3,412, wanda ma'aunin zafi ne na Turawan Birtaniya da Amurkawa suka riƙe. Idan aka raba 12,000 da 3,412 lalle za a sami uku da rabi. Sai dai wannan adadin na zafin da na'urar ke kwashewa daga ɗaki ne a kowace awa ta zubar a waje, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akwatinta na bayan gida ya ji hucin da take fesowa ya shaida haka. Wutar da take sha wajen wannan jigila ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin uku na adadin ba. Da muka duƙa muka duba ƙasan takardar, sai ga ta nan da ƙananan baƙaƙe, wat 1,100 da 'yan kai. Ashe a dare mai awa takwas abin da za ta ci wajen kilowat-awa 9 ne, ba 28 da aka tsorata shi da ita ba.

Dutsen guga da ƙarfen dafa ruwa ba su da wannan rangwame, domin su ƙirƙirar zafin suke yi, kowane kilowat-awa kuma kilokalori 860 yake bayarwa, ba ƙari. Mai shayin da zai tafasa lita 10 na ruwa daga digiri 30 zuwa 100 yana buƙatar kilokalori 700, wato kusan kilowat-awa 0.8, ban da abin da ke tsiyayewa a iska. Da wannan ma'aunin ne mutum zai kwatanta wuta da gas: tukunyar gas mai kilo 12.5 tana ɗauke da zafin da ya kai kilowat-awa 160, amma kusan rabinsa kan bi gefen tukunyar girki ya tafi.

Madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai megawat 72 aka gina ta ta bayar, ruwanta kuwa yana ja da baya a daidai lokacin da kowa ke kunna na'urarsa, saboda haka sanin abin da kowace na'ura ke sha ya shafi unguwa baki ɗaya. Ina kira ga masu sayar da kayan wuta da malaman makarantun koyon sana'a da su riƙa nuna wa mutane lambar da harafin W ke biye da ita, wato wat ɗin da na'urar ke sha, kafin a yi ciniki. Maƙwabcina dai bai mayar da tasa ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, Garwa, Kamaru