Yaya Sani, kar a rufe bangon nan sai na ga hoto

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Umma, ya Anti Rabi da yara, ya damina. Ni dai lafiyata ƙalau alhamdulillahi, aiki ne kawai da zafin Jidda wanda ka san ba a saba masa, mutum ya fito daga wanka kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Na zaɓi in rubuto ne maimakon saƙon murya saboda in na yi magana ana cewa to to sai a manta, wannan kuwa in mai gyaran famfo ya zo sai ka buɗe waya ka karanta masa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya wlh ban ji daɗi ba. A ce Umma ta zame a banɗaki ta bugu a ƙugu har sati biyu babu wanda ya faɗa min, sai da Hassana ta yi suɓutar baki muna hira? Kullum ina kira ana ce min kowa lafiya. Na san za ka ce ba a so hankalina ya tashi ne, to ai gashi yanzu ya tashi ninki biyu, daren ranar ban runtsa ba. Kar a yi wa Hassana faɗa don Allah, ni na matsa mata.

Na turo riyal 1,800 ta hannun mutumin nan namu na Wapa, ka je da kanka ka karɓa, ka tambayi canjin ranar a wuri biyu kafin ka sa hannu. Kuɗin nan na banɗakin Umma ne. Ba na biki ba ne, ba na bashin kowa ba ne, ba a ranta wa kowa ko sisi da sunan zai mayar ƙarshen wata. Na banɗaki ne.

Hotunan da Hassana ta turo na kalle su sosai, har na nuna wa ogana, wani Bamisire ne ya fi shekara ashirin yana wannan sana'a, kallo ɗaya ya yi ya ce fayif ne ke yoyo a cikin bango. Ka duba bangon ɗakin Umma ta ɓangaren da ya haɗa da banɗakin, fentin ya kumbura yana ɓarewa, ga wani fari-fari kamar kanwa yana fitowa daga ƙasa har kusan gwiwa, wannan ba ruwan sama ba ne Yaya, ruwan sama daga sama yake sauko da tabonsa, wannan kuwa tun bazara yake nan. In kana so ka tabbatar, da daddare a cika tanki, a kulle duk famfunan gidan, ka sa alli ka ja layi a inda ruwan ya tsaya, kar kowa ya taɓa ruwa sai da safe. In ka ga ya sauka to ka san inda kuɗin 'yan garuwa da na man janareta suke tafiya. Sannan ka ɗauki mukulli ka bi tayil ɗin kana ƙwanƙwasawa, wanda ya zauna daidai ƙararsa a cike take, wanda ruwa ya ci ƙarƙashinsa za ka ji yana ƙara kamar ƙwarya.

Na ji an ce wai yaron da Auwalu ya kawo kwanaki siminti kawai ya shafa a bakin tayil ya karɓi kuɗi ya tafi. Kuma na ji wata magana game da riyal 600 da na turo kafin azumi da sabuwar wayar da ke hannun Auwalu. Ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne, Allah ne shaida. Amma ka faɗa masa ni ba a bishiya nake tsinko kuɗi ba, a durƙushe nake wuni a banɗakin mutane ina fasa kankare, in dai gaske ne ya ji kunya. Wannan karon kar kuɗi ya bi ta hannunsa ko na sayen gam ne. In yana so ya taimaka ga buhunan yashi nan ya ɗauka.

Ko da yake in za a bi gaskiya laifin nawa ne tun farko. Ka tuna 2019 kafin in taho, ni na dage sai an binne fayif a bango don na gani a wani otal a Abuja ya burge ni, marigayi Baba yana zaune a kan tabarmarsa a zaure ya ce Habibu abin da ka binne ba ka ganin ciwonsa sai ya ruɓe, na yi dariya na ce zamani ne Baba. Lokacin ban san komai a harkar ba, aka sa fayif na ƙarfe aka haɗa da na roba mai gam, aka yaɓe da siminti a ranar ba tare da an gwada ba, ni kuma ina ta murna bango ya yi sumul. Allah ya jiƙan Baba, ko jana'izarsa ban samu ba. To shi ƙarfe in ya zauna cikin danshi tsatsa yake daga wajen zaren haɗi, shi kuma farin roban nan ba a yi shi don ruwan zafi ba, mu kuma muka jona masa hita. Shekara nawa ke nan yana ɗiga a hankali.

To ga yadda nake so a yi, kuma don Allah a bi shi a jere kar a tsallake.

A fasa. Na san Umma za ta ce a bar tayil ɗin ai sabo ne asara ce, ka lallashe ta, ba a gyara wannan ta waje. A cire tayil na bangon famfo da na ƙasa gaba ɗaya, a fito da tsohon fayif duka, kar a bar guntu a ce wannan da sauransa. A bar bangon ya sha iska kwana biyu uku ya bushe. Kafin nan Umma ta riƙa amfani da na ɗakin Anti Rabi, a sa mata kujera.

Fayif ɗin da za a saya shi ne koren nan PPR, akwai shi a Ƙofar Ruwa, ka je da mai aikin amma kai za ka biya da hannunka ka karɓi rasit, kuma a sayi mai kauri wanda ke ɗaukar ruwan zafi, an rubuta a jikinsa PN20 ko PN25. Babban layi daga tanki mai faɗin milimita 25, rassan da ke zuwa famfo da shawa mai milimita 20. Shi ba a sa masa gam, inji ne ake jonawa a wuta ya yi zafi har digiri 260 sai a narka bakin fayif da na soket a haɗa su zama abu ɗaya. A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo: mai 20 daƙiƙa biyar ake riƙe shi a injin, mai 25 bakwai, a zare a tura kai tsaye ba a murɗawa. In aka bar shi ya daɗe sai robar ta narke ta toshe hanya ta ciki, daga waje ka ga aiki tsaf amma ruwa na zuwa kamar fitsarin jariri, kuma an riga an binne. Ni farkon zuwana sai da ogana ya sa na yanka haɗi goma da na yi ya leƙa cikinsu ɗaya bayan ɗaya, bakwai ya jefar a shara yana surfa min zagi da Larabci, yanzu kuwa ni yake bari da bene guda in gama. Ka ce wa mai aikin ya yi haɗi ɗaya a gabanka ya yanka ka leƙa, in ramin a buɗe yake to bismillah. In ya ce ba shi da injin sai dai ya gasa da wuta ko risho, ka sallame shi da kuɗin mota. A tanadi man janareta ranar, kar a dogara da Nepa.

Fayif ya tafi a miƙe, ko tsaye ko kwance, ban da karkace-karkace, don gobe in wani zai buga ƙusa ya san inda zai kauce. Zafi a hagu sanyi a dama. Kuma a sa bawul na kashe ruwan banɗakin shi kaɗai a waje inda hannu zai kai, ba sai an hau tanki an kashe wa gida duka ba.

Yanzu ga babbar maganar, wadda saboda ita na zauna rubutun nan. KAR A RUFE BANGO SAI AN GWADA. A nan ba mai gidan da zai yarda ka shafa siminti sai ka toshe duk bakunan, ka jona famfon gwaji na hannu ka buga har agogon da ke auna matsin ruwa ya kai 10, a bar shi ya kwana, da safe injiniya ya zo ya kalli allurar, in ta sauka to akwai inda ke yoyo sai ka nemo shi. In mai aikinku yana da wannan famfon ko zai iya aro, a biya kuɗin aron daga kuɗin nan ban damu ba. In babu, a cika tanki a sake ruwa cikin layin a bar shi kwana biyu cur bango a buɗe, ka bi kowane haɗi da busasshen tishu kana dannawa, ɗigo ɗaya zai nuna. Zai ce maka yana sauri yana da wani aiki a Hotoro, zai ce shi shekara kaza yana yi bai taɓa samun matsala ba, duk na san zancen don ni ma na taɓa yin irinsa. Kar ka biya shi cikon kuɗinsa sai bayan gwaji. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jiki ka turo min, ka ajiye kwafi a wayar Hassana. Sai na gani na ce a rufe.

Ƙasa kuma kafin tayil a shafa maganin hana ruwa, a nan azal suke ce masa, hannu biyu, ya hau bango kamar taƙi ɗaya ko fi, wajen shawa ya hau sama sosai. In ya bushe a toshe rariya a tara ruwa a ƙasan ya kwana biyu a ga ko zai ragu. Mai tayil ya ba ƙasan gangare zuwa rariya, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ka zuba bokiti guda ka tsaya ka gani da idonka, in ruwa ya kwanta a lungu ya cire ya sake. Kwanciyar ruwan nan da sabulu ita ta kayar da Umma. Tayil na ƙasa mai kaushi za a saya, ka jiƙa hannu ka shafa a shagon, mai sheƙin nan a bar wa bango.

A cire masan tsuguno a sa mata na zama, gwiwoyinta ba za su iya ba yanzu, fayif ɗinsa inci huɗu zuwa sokawe, kuma a lura da alƙibla wajen dasa shi kar ta ƙi shiga, ka san Umma. Mai tanki a waje na ce, na gama-gari. Mu nan muna sa wanda ake ɓoye tankinsa cikin bango irin su Geberit, sai faranti kawai ka gani ka danna, yana da kyau ba ƙarya, a wani gida da muka yi a Abhur banɗaki tara ne duk irinsa, amma ranar da robar ciki ta lalace a Kano wa zai nemo mana irinta? Na koyi darasi, ba na sake yi wa gidanmu gayu da abin da ba za mu iya gyarawa ba. A sa ƙarfen riƙewa a gefen masai da wajen wanka, a ɗaure shi da dogayen kusoshi cikin bulo ba a jikin tayil kawai ba, da ƙaramin famfo ƙasa-ƙasa da ɗan dakali don alwala.

Ni kam kar ku damu da ni. Giranda ta ɗan taɓa min yatsa wancan watan, ɗinki uku ne kawai ya warke. Tun da aka rushe unguwannin su Karantina da Gulel haya ta yi tsada, mu biyar ne a ɗaki yanzu amma duk 'yan gida ne, akwai wani ɗan Damagaram da ke mana tuwo ranar Juma'a, miyar kukarsa dai sai a hankali. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba an hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, mu da yake a cikin gini muke ba ya shafarmu sosai. Maganar igama, takardar zaman ƙasar nan, ana kai, kar ka faɗa wa Umma komai a kai. Wani lokaci in na gama banɗakin wani Balarabe na tsaya na kalle shi, marmara ko'ina, ruwa na sauka kamar damina, sai in tuna uwata na can tana dafa bango, wlh sai in ji kamar in ajiye kayan in hau jirgi. To in na dawo kuma wa zai turo.

In kuɗin bai kai ba ka faɗa min nawa ya rage da rasit, zan san yadda zan yi ƙarshen wata, amma kar a rage ingancin fayif don a cike wani wuri, gara a bar fenti sai baɗi. In ya yi saura a saya wa Umma maganin ƙafarta, a kai ta a ɗauki hoton ƙugun nan ko da ta ce ya daina ciwo.

Ka gaishe min da Umma sosai, ka ce ta yafe min, ina sa ta a addu'a duk lokacin da na samu shiga Harami. Ka gaida Anti Rabi, Hassana, su Khalifa, da Kawu na Kurna. Auwalu ma ka gaishe shi, ka ce ya kira ni da sabuwar wayar.

Ina jiran hoton layin allin nan na tanki gobe da safe.

Ƙaninka,
Habibu