Wasiƙa Zuwa Ga Uwata Kan Hoton Da Ta Ɗora

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Ƙaninki ne ya nuna mini hoton da kika ɗora a WhatsApp: yarinya Bakurdiya da dogon kitso har gadon baya, gyale mai furanni a wuya, bindiga a kafaɗa, kin rubuta a ƙasa cewa ita ce gwarzuwarki. Hankalin mamanki ya tashi. Na ce ta bari in rubuto miki, don maganar ta fi ƙarfin waya.

Ban ga laifinki ba. Tun kina firamare nake bin labarin mayaƙan matan Kurdawan nan a rediyo. Kurdawa sun kai mutum miliyan 30, amma ba su da ƙasa tasu. A 1920 an yi musu alkawarinta a takarda, a 1923 aka shafe alkawarin, suka tsinci kansu a yayyanke tsakanin Turkiyya, Iraƙi, Iran da Siriya. Rundunar matan da ke hotonki, YPJ, a 2013 aka kafa ta a arewacin Siriya.

A watan Agustan 2014 'yan ƙungiyar IS mai iƙirarin jihadi suka afka wa Yazidawa, wasu tsiraru masu addininsu na daban, a Sinjar da ke arewacin Iraƙi, suka kashe maza, suka kwashi dubban mata suna sayarwa kamar awaki a kasuwa. Wata huɗu ke nan kacal bayan an sace 'yan mata 276 a Chibok, kuma a shekarar da ta biyo baya Shekau ya yi wa IS ɗin mubaya'a. Don haka da na ji mata sun tsaya a Kobani, wani garin Kurdawa a arewacin Siriya, daga Satumban 2014 har Janairun 2015 suna kare garinsu daga IS lungu-lungu, wallahi sai da na yi hawaye. Tura ce ta kai bango. Macen da ta san abin da za a yi mata idan aka kama ta, wa zai ce ta zauna ta jira? Daga baya ma mace ce, Rojda Felat, take cikin manyan kwamandojin da suka ƙwato birnin Raƙƙa na Siriya daga hannun IS a 2017.

To amma, Uwata, hoto gaba kawai yake nunawa. Akwai wata Asia Ramazan Antar da jaridun Turai suka yi ta yayata hotonta saboda kyawunta, suna kamanta ta da taurarin fim. An kashe ta a 2016, ba ta cika shekara 20 ba. Kafin ta ɗauki bindiga, aure aka haɗa mata tana ƙarama. Fuskarta ta zagaye duniya, labarinta ya tsaya a gida. Akwai Arin Mirkan da ta tayar da bam a jikinta a tudun Mishtenur da ke Kobani lokacin da IS ta yi musu ƙawanya. Suna rera mata waƙa har yau, ni kuwa zuciyata ba ta taɓa natsuwa da wannan aiki ba, kin kuma san hukuncinsa a addininmu. Sannan an sha samun yara ƙanana a cikin rundunonin, har sai da shugabanninsu suka sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019 cewa za su daina ɗaukar wanda bai kai 18 ba. Waɗannan yaran ma suna da iyaye, kuma ba duka aka nemi yardarsu ba.

Masu tafa musu fa? A Oktoban 2019 Amurka, wadda take mara musu baya, ta janye sojojinta daga bakin iyakar Siriya da Turkiyya, Turkiyya ta shigo. A kwanakin aka fizgo wata Bakurdiya mai suna Hevrin Khalaf daga mota aka kashe ta a kan hanya. Injiniya ce 'yar siyasa, ko wuƙa ba ta riƙe ba. Yaƙin PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawa, da Turkiyya kuwa, wanda aka fara a 1984, ya ci rai kusan 40,000, da yawa fararen hula. A Yulin 2025 mayaƙanta 30, rabinsu mata, suka zuba bindigoginsu a kasko suka cinna musu wuta kusa da Sulaimaniyya a Iraƙi. Wannan hoton ban ga ya yi yawo a wayoyinku ba.

Kirarin matan YPJ kalma uku ne: Jin, Jiyan, Azadi, wato mace, rayuwa, 'yanci. Ke da kike karatun lauya, abin da nake so ki bincika shi ne wanda ba ya fitowa a hoto: yadda suka sa kowace majalisa ta zama da shugabanni biyu, namiji da mace, da yadda suka haramta auren dole a yankinsu, da kuma inda dokar ta yi aiki da inda ta tsaya a takarda.

Ba zan ce ki cire hoton ba. Roƙona ɗaya: ki nemo sunan yarinyar, da garinsu, da ko tana raye. Idan kin zo hutu ki faɗa mini. Kafin nan ki kira mamanki yau, ki yi mata bayani da bakinki, don jiya ba ta yi barci sosai ba. Kuɗin littattafan zan turo ranar Juma'a in Allah Ya yarda.

Allah Ya yi miki albarka.

Abbanki