Wasiƙa Daga Gembu

Sarkin Ƙorafi,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zafin Sakkwato? Kafin ka fara mitar shiru, tuna kai ma ba ka neme ni ba, don haka an yi canjaras.

Albishirinka! Uwargida ta tare, bayan duk rantsuwar da ta yi cewa ba za ta zauna a kan dutse ba. Kuma tana da juna biyu, har ya tsufa. Murna nake, amma wallahi barci ya ƙaurace min. Akwai babban asibiti a nan, tana zuwa awo, ma'aikatan na iya ƙoƙarinsu. Abin da ke cin raina shi ne in haihuwa ta zo da gardama aka ce sai Jalingo. Ba ka san hanyar nan ba. Daga Gembu sai Nguroje, sai Maisamari, sannan gangarar dutse zuwa Mayo Selbe, kwana bayan kwana, rami a gefe ba ka hango ƙarshensa, direba na taka birki kowa na salati. In ka kai Serti, tafiya ma yanzu aka fara. Ka ɗora mace mai naƙuda a kan wannan, da damina!

Ga batun wuta. Dam ɗin Mambila da muke ji a rediyo tun muna 'yan makaranta, mai megawat 3,050, a kan kogin Donga ɗin nan aka ce za a gina shi. Ni da nake maƙwabcinsa da sola nake cajin waya.

Af, ka san saura ƙiris da sai ka yi fasfo kafin ka zo gaishe ni? Wani dattijo da muke haɗuwa wajen mai shayi ne ke tuna min. Jamusawa ne suka fara riƙe yankin, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen suka zaɓi Najeriya a kan Kamaru. Aka raɗa wa lardin sunan Sardauna, ƙaramar hukumar ma har yau sunan ke nan. Sunan mutumin garinku ne, amma kai ko leƙowa ka ƙi.

Ka zo ka ga gonar shayi ta Kakara, kore shar har iya ganinka, hazo na kwance a kwari da sassafe, shanun Fulani na kiwo a gangaren tuddai. A bakin Donga ana ɗora babur cikin kwalekwale, mai shi ya zauna a kai yana riƙe da kan, kamar ba ruwa ne a ƙarƙashinsa ba. Fanka kuwa mun manta da ita, da bargo biyu ake kwana. Fulatanci ne yaren kasuwa, tawa ta tsaya a gaisuwa, masu nono sai dariya suke min. Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana nan ta wajen iyaka, sai dai da wannan tumbin naka ba na sa rai.

Wai da gaske ne Alhaji Ƙarami zai ƙara ta uku? Da wane kuɗin? Bashina fa?

Ka roƙar min Hajiya ta zo ta zauna da ita kafin watan haihuwa, kai take jin maganarka. Kuɗin mota a wuyana. Ta taho da rigunan sanyi masu kauri, da kilishi in ka ga dama.

Naka,
Ɗan Dutse