Zuwa ga 'Yata, Kan Ƙurajen da Suka Fito Miki

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na ga hoton wuyanki da kika turo mini, kuma tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba, musamman da kika ce wannan ne karo na uku da abin yake fitowa, ki shafa masa mai ya lafa, bayan 'yan makonni ya dawo. Na ƙura wa hoton ido sosai. Ƙurajen sun bi bakin gashi, sun sauko ƙeya, sun kama saman kunnuwa, fatar idonki ma ta ɗan tasa, alhali sauran jikinki lafiya lau. Ciwon da yake shata wa kansa iyaka haka a fata yawanci yana nuna inda wani abu ya taɓa ne, shi ya sa nake zargin rinin gashin da kika ce kin yi kwana biyu kafin ƙaiƙayin ya taso.

Na san za ki ce kin daɗe kina amfani da wannan rini bai taɓa yi miki komai ba. To, haka wannan ciwo na fata ta ƙi wani sinadari yake. Garkuwar jiki ba ta tayar wa sinadari ranar da ta fara haɗuwa da shi, sai ta ɗauki lokaci tana koyon kamanninsa, a jikin wani mako biyu, a jikin wani shekaru, kuma daga ranar da ta ɗauke shi maƙiyi da wuya ta sake mantawa da shi har ƙarshen rayuwa. Daga nan ko ɗan ƙanƙani ne ya taɓa fata ya isa. Abin da yake ɓatar da mutane shi ne ƙurajen ba sa fitowa nan take, sukan ɗauki awa 24 zuwa 72, lokacin da mutum ya riga ya manta da abin da ya shafa, sai ya ɗora laifin a kan zafi ko cizon sauro. A cikin mafi yawan rinin gashi mai duhu akwai sinadarin da ake rubutawa PPD a jikin kwali, kuma idan shi ne jikinki ya ƙi, sauya kamfani ba zai fisshe ki ba muddin sabon ma yana ɗauke da shi. Kada ki sake yin rinin ko da sau ɗaya ne da sunan gwaji, domin fitowar gaba tana iya fin ta baya muni, har fuska ta kumbura ido ya rufe.

Ban ce lallai rinin ne ba, domin masu laifin suna da yawa. Ƙarfen nikel, wanda ake haɗawa cikin 'yan kunne da sarƙa da bayan agogo da maɓallin wando, yana kan gaba cikin abubuwan da fata take ƙi, kuma gumi yana ƙara narkar da shi ya shiga jiki. Akwai turaren da ake zubawa a sabulu da man shafawa, akwai sinadaran da suke hana man lalacewa, akwai robar safar hannu da ta takalmi. Har man shafa wa rauni mai ɗauke da niyomaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana yi wa wasu, su ga gefen raunin ya yi ja yana ruwa, su ɗauka ciwon ne ya ƙi ji, su ƙara lafta masa abin da yake cutar da su. Bushewa da tsagewar hannu da sabulun wanki ko bilic suke jawowa kuwa daban ce, tana iya samun kowa idan ya yawaita, kuma safar hannu da man shafawa suna maganinta.

Man da kike shafawa ya fi damuna. Idan mai ƙarfi ne irin na sitiroid, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, zai kwantar da ƙaiƙayin cikin kwana biyu, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Daɗewa ana shafa shi ba da umarnin likita ba yana sirantar da fata, ya bar mata zane-zane, ya buɗe ƙofa ga makero, fatar fuska da ta ido kuwa su suka fi saurin lalacewa. Ki je wurin likitan fata ki nemi gwajin da ake manna filasta masu ɗauke da sinadarai iri-iri a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu a ga wanne ne ya tayar da fata. Gwaji ne da aka daɗe ana yi, tun 1895 da likita Bajamushe Josef Jadassohn ya gabatar da shi. Ki tafi da kwalin rinin da duk abin da kike shafawa, kuma ki gaya masa man da kike amfani da shi, domin yana iya ɓoye sakamakon.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya same ni, wanda ban taɓa ba ki labarinsa da kyau ba. Tabon nan mai duhu da kika sani a gefen leɓena daga magani ya samo asali. An taɓa ba ni ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta daga dangin salfa, washegari wurin ya yi zagaye ja yana raɗaɗi, ya yi bororo, ya warke ya bar baƙi. Bayan shekara biyu na sake shan irinta, kafin dare wurin nan dai, ba wani ba, ya sake tashi. Sai a lokacin wani likita ya haɗa mini biyun, ya ce in daina kusantar maganin.

Nawa mai sauƙi ne. Akwai wanda yake farawa da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro cikin makonnin farko na shan sabon magani, sai baki da ido su yi gyambo, fata ta riƙa saɓulewa kamar ta ƙone, shi ne likitoci suke kira cutar Stevens-Johnson, kuma dangin salfa da wasu magungunan farfaɗiya suna cikin masu jawo shi. Akwai kuma borin jinin da yake tasowa cikin mintoci bayan allura irin ta penisilin, leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya sarƙe. Duk wanda kika gani cikin biyun nan, a jikinki ko a jikin wani, a nufi asibiti a wannan sa'a, a tafi da kwalin maganin, kada a tsaya jiran gari ya waye.

Idan an gano sinadarin da yake damunki, ki roƙi likita ya rubuta miki cikakken sunansa, ki ajiye a jakarki da cikin wayarki, ki riƙa karanta bayan kowane kwali kafin ki saya, ki kuma nuna wa duk likita ko mai ba da magani tun kafin ya tambaye ki. Kafin nan ki yanke farcenki saboda susar dare, ki riƙa ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a wurin. Ki turo mini hoton bayan kwalin rinin yau ɗin nan, sannan ki sanar da ni ranar da likita ya ba ki. Allah ya ba ki lafiya.

Ni ce,
Mahaifiyarki