Godiya ta musamman ga ma'aikatan Gidan Makama na Kano

Assalamu alaikum. Tun da muka dawo Gusau nake ta cewa sai na rubuta wannan godiyar a fili kowa ya gani, don gaskiya ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama kun yi mana abin da ba za mu manta ba.

Hutun Disamban nan ne maigida ya ce bari mu kai yara Kano su buɗe ido, mu shida a mota har da Hajiya surukata, ga sanyi ga hazo, leɓen kowa ya tsattsage sai shafa basilin muke. Da safe muka fara da marinar Ƙofar Mata, daga nan Dutsen Dala, Hajiya dai a mota ta zauna saboda gwiwa. Kafin mu iso wajenku bayan azahar kowa ya galabaita, yara har sun fara ƙunƙuni wai a tafi gidan zoo kawai, me za a gani a gidan ƙasa.

To Allah ya haɗa mu da wani bawan Allah cikin masu zagayawa da baƙi, wallahi ban ma tambayi sunansa ba, abin na damuna har yanzu. Yana ganin yadda Hajiya ke dogara sanda ya ce "Mama sannu da hanya, a bi a hankali ba sauri muke ba", ya ɗauko kujerar roba, duk ɗakin da muka shiga da kujerar a hannunsa, ya ajiye mata ta zauna sannan ya fara bayani. Babu wanda ya sa shi fa.

Bayanin nasa kuwa kamar a gabansa aka yi komai. Tun daga bindigogin Turawa guda biyu na bakin shiga ya kama yaran, ya gaya musu gidan nan tun zamanin Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Ya ɗaga sanda ya nuna musu rufin azara da lanƙwasasshen ginin da ke tallafe shi wanda ake kira bakan gizo, ya ce su taɓa bango su ji kaurinsa, shi ya sa waje iska na kaɗawa amma ciki ɗumi. Babban ɗana da ko littafin tarihi ba ya buɗewa a gida sai ga shi da tambaya kan tambaya, me ya haɗa Tukurawa (magoya bayan Sarki Tukur) da Yusufawa (magoya bayan Yusufu) yaƙin basasa a 1893, ina Sarki Alu yake da Turawa suka shigo ta Ƙofar Kabuga a 1903, mutumin nan ko sau ɗaya bai nuna gajiya ba, ya ce masa Alu yana Sakkwato a lokacin, ya zayyana masa yadda aka yi tiryan-tiryan.

Wajen kayan ɗakin amarya na da ne Hajiya ta ƙwace bayanin, ta ga tasoshi da ƙore irin na jerenta, sai da idonta ya ciko. Shi kuma ya yi shiru ya harɗe hannu yana saurarenta kamar ɗalibi, har yana mata tambaya. Wannan ladabin ya fi komai taɓa min zuciya.

Mun fito har mun shiga mota sai ga mai gadi da gudu da hular sanyin autata a hannu, ta yar a tsakar gida ba mu sani ba.

Kuɗin shigan da muka biya bai kai kwatan abin da muka samu ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, shi kuma wannan ɗan'uwa Allah ya sa a yi wa iyayensa fiye da yadda ya yi wa Hajiya. Hutun Sallah in sha Allahu muna nan tafe da yaran ƙanwata.

Taku,
wata uwa daga Gusau