Godiya ga shagon Kawu na Titin Falasɗinu, da ya gyara mana oba-oba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da yaran shago baki ɗaya. Na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin ranar da na zo yi muku godiya da baki kun katse ni, kuka ce in sha shayina kafin ya huce. Shayi na sha, amma maganar tana nan a cikina ba ta fita ba. Kun hana ni ambaton sunan shagon, kuma na bi umarninku. Sai dai duk Bahaushen da ya taɓa kai waya ko kwamfuta gyara Titin Falasɗinu a nan Jidda ya san inda nake nufi.

Saboda iyayenmu da za su karanta, bari in fara da bayanin abin da muke yi. Akwai wasan kwamfuta mai suna GTA V na kamfanin Rockstar, wanda ya fito a 2013, ya iso kwamfuta a 2015. Wasu matasa suka ƙirƙiro masa manhajar FiveM, wadda ke bai wa mutum damar buɗe nasa garin a cikin taswirar wasan, da nasa dokokin, ya gayyaci jama'a su shigo. Abin ya bunƙasa har Rockstar ɗin da kansa ya sayi masu ita a watan Agustan 2023. A irin wannan gari kowa yana ɗaukar sana'a ne ya riƙe ta kamar gaske: wannan direban tasi, wancan makanike, wani ɗan sanda, wani ma'aikacin motar asibiti. Mu ma muna da namu garin, ni ke kula da sabar da yake kanta, wato kwamfutar da ke ɗauke da garin a intanet. Dokarmu ta farko ita ce da Hausa ake magana. Babu zagi, babu batsa, kuma in lokacin salla ya yi ana ajiye komai. Muna da mutane a Jidda da Makka da Madina, da Kano da Zariya da Damagaram, da wasu 'yan'uwa a Sudan.

Irin wannan wasa da murya yake rayuwa. Akwai muryar kusa, wadda wanda ke tsaye gefenka kaɗai ke ji, kuma tana da hawa uku: raɗa, maganar yau da kullum, da ɗaga murya. Sannan akwai ta nesa, wato oba-oba. Mutuminka na cikin wasa yana ɗauke da ita, ka murɗa tashar da kake so, ka danne maɓalli, ka ji 'yar ƙara ƙit, ka yi magana, ka saki. Idan mota ta kife a Paleto Bay can ƙuryar arewacin taswirar wasan, motar asibiti kuwa tana Pillbox a tsakiyar birni, babu abin da zai haɗa su sai ita. Da farko da manhajar hira ta Discord muke lallaɓawa, kowa a ɗaki guda, sai ka ce tsakiyar kasuwar Kurmi. Ɓarawo yana jin shirin 'yan sanda, wanda aka ce ya suma yana ta surutu. Wasan bai da armashi.

Shi ya sa na nemi manhajar oba-oba ta gaske. Wani mutum da na haɗu da shi a intanet ya sayar mini da ita riyal 400, ya ce an gama komai, liƙawa kawai zan yi. Na liƙa, gari ya rikice. Muryar mutum ɗaya ta riƙa fitowa sau biyu, wani yana ji wani ba ya ji, wani kuma in ya danna oba-oba sai duk garin ya ji shi. Na yi ta aika wa mutumin saƙo har ya daina amsawa. Mako uku muna cikin wannan hali. Daren da muka saba haɗuwa mu kusan arba'in, sai ga mu tara. Barci ma ƙaurace mini ya yi, don kuɗin nan karo-karo ne, wasu daga Najeriya suka turo nasu da kyar.

Kawu, kun tuna yadda na shigo muku. Na ɗauka makirufona ne ya lalace, har na ɗauko wani hedifon na riyal 300 na ajiye a kan teburinku, na ciro kati zan biya. Kuka dube ni kuka ce, "Ɗana, me ya sami na wuyanka?" Na yi muku bayani. Kuka karɓi tsohon, kuka miƙa wa Injiniya, mai gyara a shagonku, ya gwada, ya ce lafiyarsa ƙalau. Da hannunku kuka mayar da sabon kan kanta. Ciniki ne ya kawo kansa har gabanku, kuɗi a hannu, mai saye bai yi tayi ba, kuka ce a'a. Na daɗe ina zirga-zirga a wannan titi, shago na bin shago, kuma na san ba kowa zai yi haka ba. A wannan lokacin na san na faɗo hannun mutanen kirki, tun kafin a taɓa kwamfutata.

Injiniya, yayana, kai kuma ban san ta inda zan fara ba. Ka ce in dawo bayan Isha'i idan shago ya lafa. Ka buɗe fayilolin sabar kana bi layi-layi, ko rabin sa'a ba a yi ba ka gano cutar. Ashe manhajojin murya biyu ne ke aiki lokaci guda, tsohuwar da ke cikin vMenu, wato manhajar sarrafa saba, ba a kashe ta ba, ga sabuwa an ɗora a kai, suna ta kokawa a kan makirufo ɗaya. Wadda na saya kuma ka nuna mini cewa tsohon kwafi ne na abin da ake bayarwa kyauta, suna kawai aka sauya masa. Ba ka yi mini dariya ba, ba ka ce me ya sa ban yi tambaya ba. Cewa ka yi irin wannan ta sami mutane da yawa, mu ci gaba.

Sannan ka shimfiɗa mini hanya biyu. Ta ɗaya SaltyChat, wadda ke tafiya da manhajar hira ta TeamSpeak 3. Muryarta tana da kyau, amma dole kowane ɗan wasa ya sauke wata manhaja daban ya saita ta, kuma sabar TeamSpeak ta kyauta mutum 32 take ɗauka. Ta biyu pma-voice, wadda ke shafin GitHub kyauta, tana hawa kan Mumble, tsarin murya da aka riga aka gina a cikin FiveM, don haka ɗan wasa ba ya sauke komai. Ni da na ɗauka za ka ce in zaɓi mai tsada. Tambayar da ka yi mini ita ce, "A cikinku wa ya fi kowa raunin kwamfuta da intanet?" Na ce wani ɗan'uwanmu ne, mutumin garin Mai Wurno na Sudan, wanda yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba da gida, yanzu yana Kasala a gabashin ƙasar da wata tsohuwar kwamfutar cinya da intanet mai zuwa yana ɗaukewa. Ka ce to da shi za mu auna, abin da ya yi masa zai yi wa kowa. Wannan magana ta zauna mini, har yau da ita nake auna duk abin da za mu ƙara a garin.

Dare uku muka yi. Ka tabbatar OneSync, tsarin da ke daidaita motsin 'yan wasa a saba, na kunne, tunda pma-voice ba ta aiki sai da shi. Ka duba ƙofar sadarwa mai lamba 30120 da wasan ke bi. Ka kulle tashoshin farko, ta 1 ga 'yan sanda, ta 2 ga asibiti, ta 3 ga makanikai, yadda wanda ba ya cikin aikin ba zai iya shiga ba ko ya san lambar. Ka kunna abin da ke sa murya ta fito da ɗan shaƙewar nan irin ta rediyo, ka bar maɓallin magana a kan Alt na hagu. Abin da ya fi burge ni shi ne ka ƙi taɓa madannai da hannunka bayan daren farko. Ni ka sa na rubuta kowane layi, kana tsaye a kaina, in na yi kuskure ka ce in sake karantawa. Ka sa na sayi littafi na rubuta komai a ciki. Watan jiya wata matsala ta taso bayan an sabunta sabar, na buɗe littafin nan na gyara ta ni kaɗai.

Har na roƙe ka wani abu ka hana ni. Na ga yadda ACRE2 ke yi a wasan Arma 3, inda dutse ke tare sigina, murya ta riƙa yankewa idan ka shiga kwari, na ce a yi mana haka a tsaunin Chiliad na taswirar wasanmu. Ka ce waccan don wancan wasan aka gina ta, kwaikwayonta a namu aiki ne mai tsawo, kuma mutumin Kasala da muryarsa ke yankewa da gaske ba ya bukatar a ƙara masa ta ƙarya. Duk aikin nan riyal 150 Kawu ya ce in bayar, shi ma sai da na dage.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba, wanda shi ne ainihin dalilin wannan takarda. Yawancinmu da aka haifa a nan Hausarmu ta cikin gida ce, ta gaisuwa da cin abinci, rabinta Larabci. Da zarar magana ta yi zafi sai "yalla" da "khalas" su fito. Amma a oba-oba babu wannan damar, don wanda ke ɗaya gefen ɗan Damagaram ne, kuma majinyaci na kwance yana jira. Dole ka faɗi wuri, ka faɗi abin da ya faru, a taƙaice, da Hausar da kowa zai gane. Manhajar ba ta hana mutum biyu magana tare, mu muka kafa doka: in ka gama ka ce "gare ka", wanda ya ji ya ce "na ji, na gane", kuma ba a katse wanda ke kan layi. Ƙanena, ɗan shekara goma sha shida, wanda da ba ya iya bambanta kudu da arewa da Hausa, yau shi ke zaune a ofishin karɓar kira. Sai ka ji shi yana cewa, "Mota ta biyu, ki bi ta ƙarƙashin gada, ki sha kwana hagu a shataletale, gare ki." Mutanen Kano ne suka koya masa, dare bayan dare, ba tare da kowa ya kira abin darasi ba.

Kakarmu, wadda har yanzu ba ta kwanciya sai ta saurari Sashen Hausa na BBC, ta ji wannan ƙit ɗin daga ɗakinmu wani dare, ta leƙo ta tambayi wace tasha muka kamo. Muka cire hedifon muka sa a lasifika. Ta tsaya tana sauraro, can sai ta ce, "Wannan yaron ba Hausar Kano yake yi ba, daga ina yake?" Muka ce mutumin Mai Wurno ne. Ta zauna a bakin gado. Mahaifinta ta Mai Wurno ya bi a hanyarsa ta zuwa aikin hajji da ƙafa, ya yi shekaru yana noma a can kafin ya tara guzuri ya ƙetaro teku ta Sawakin. Ƙanena ya danne mata maɓalli, ta gaisa da yaron, ta tambaye shi iyayensa, ta yi musu addu'ar Allah ya kashe wutar yaƙin nan ya mayar da su gida lafiya. Mutum talatin da wani abu suna kan layi, babu wanda ya yi ko tari. Da ta gama, shi ne ya ce, "Amin Kaka, na ji, na gane," muryarsa na rawa. Tun daga ranar muka ware tasha ta 9 duk daren Juma'a don gaisuwa kawai, ba wasa, kuma wasu ma sun fara kawo nasu iyayen.

Kawu, a ƙasar da ake shirya gasar wasannin kwamfuta ta duniya a Riyad da manyan kuɗaɗe, mu 'yan tsiraru ne da ba wanda ya san da zamanmu. Kun ɗauki damuwarmu kamar ta babban kamfani, kuka bar shago a buɗe har sha biyun dare saboda mu. Duk wanda ya tambaye ni inda zai kai kwamfutarsa a Jidda, wurinku nake turo shi, kuma uku daga cikin yaranmu na Makka sun riga sun zo.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya ƙara buɗi, ya raya muku zuri'a. Injiniya, Allah ya ƙara basira, ya sa ka gama da iyaye lafiya. Juma'a mai zuwa da ƙarfe goma na dare agogon Makka, takwas ke nan a Kano, tara a Kasala, za mu buɗe tasha ta 9. Zan zo shago da kwamfutata, Kawu, don yaran sun ce suna so su gaishe ku da bakinsu.

Naku,
Ɗanku mai kula da sabar, daga Jidda